Wa'adin shigar da ƙara: Yadda jinkiri ke raba mai gaskiya da haƙƙinsa

A ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da ke gabashin Jihar Kano, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a yaba wa mutumin da ke saurin kai ɗan'uwansa kotu. Wanda aka ci wa iyakar gona yakan fara da mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Mai bin bashi yakan yi ta aike, yana karɓar alƙawari daga wannan kaka zuwa waccan. Ma'aikacin da aka sallama yakan rubuta takardar koke, ya zauna jiran amsa. Duk waɗannan hanyoyi ne na mutunci, kuma sau da yawa suna kashe wutar rigima tun ba ta kama ba. Sai dai akwai abin da mutane da dama ba sa sani sai sun tsaya gaban alƙali, wato doka ta yanka wa yawancin ƙararrakin neman haƙƙi lokacin da za a shigar da su, kuma lokacin yana tafiya ko ana zaman sulhu ko ba a yi.

Idan wa'adin ya wuce, kotu takan kori ƙarar ba tare da ta shiga gundarin maganar ba, ko da kuwa mai ƙarar yana riƙe da rasit da shaidu. Mazauna wannan yanki, da 'ya'yansu da ke kasuwanci a Kantin Kwari da Singa da Dawanau ko suke aiki a Sakatariyar Audu Baƙo, suna ƙarƙashin ma'auni biyu ne a lokaci guda. Akwai na rubutattun dokokin ƙasa, akwai kuma na fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke aiki da shi.

Yadda kotu ke lissafi

Lissafin ba shi da wuya. Alƙali zai ɗauki takardar da'awar mai ƙara, ya nemo ranar da aka yi masa abin da yake kuka a kai, sannan ya dubi ranar da rajistaran kotu ya buga wa takardunsa hatimi. Idan tazarar da ke tsakanin ranakun biyu ta zarce wa'adin da doka ta yanka, magana ta ƙare. Haka Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Egbe da Adefarasin ta 1987, inda ta nuna cewa wanda ya makara yana nan da abin kukansa, amma ya rasa ikon sa kotu ta tilasta a biya shi. Shi ya sa lauyan wanda ake ƙara yakan fara tayar da batun wa'adi tun kafin a kira shaida ko ɗaya.

Dalilan wannan tsari guda uku ne da masana shari'a suka saba ambatawa. Shaidu suna rasuwa, waɗanda suke raye suna mantuwa, takardu kuma suna ɓacewa, don haka shari'ar abin da ya daɗe tana da haɗarin zalunci. Na biyu, bai dace mutum ya rayu cikin fargabar wata tsohuwar da'awa har ƙarshen rayuwarsa ba. Na uku, ana sa ran mai haƙƙi na gaskiya ya neme shi da himma.

Wata uku na ƙarar hukuma

Wa'adin da ya fi kama mutane ba shiri shi ne na Dokar Kare Jami'an Gwamnati. Asalinta dokar zamanin mulkin mallaka ce ta 1916, wadda aka kwaikwayo daga wata dokar Ingila ta 1893. Ingila ta soke tata tun 1954, amma ta Najeriya tana nan, kuma Kano da wasu jihohin Arewa suna da irinta da suka gada daga dokokin tsohuwar Jihar Arewa. Sashe na 2 na dokar ya ce duk wanda zai yi ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya aikata ko ya ƙi aikatawa a bakin aikinsa, dole ya shigar da ita cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. Idan cutarwar mai ci gaba ce, wata ukun zai fara ne daga ranar da ta tsaya.

A 1998, a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Kula da Ma'aikatan Shari'a na Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan kariya ta haɗa har da hukumomi da ofisoshin gwamnati, ba ta tsaya kan mutumin da ke zaune a kujera kaɗai ba. A aikace, ɗan kasuwar da jami'ai suka kwashe wa kaya ko suka rushe wa rumfa ranar 10 ga Maris, ya kamata a ce takardunsa sun isa kotu kafin 10 ga Yuni. Dokokin da suka kafa hukumomi da dama kuma suna wajabta a ba hukumar rubutacciyar sanarwa ta wata guda kafin a yi ƙararta, kuma galibi wannan watan yana cikin wa'adin. Ke nan wanda ya ɓata wata biyu da rabi yana zirga-zirgar ofis ya riga ya shiga tsaka mai wuya.

Kotuna sun ware wasu abubuwa da dokar ba ta taɓa su. Daga ciki akwai saɓa yarjejeniyar kwangila, da neman kuɗin aikin da aka riga aka yi, da ƙarar karɓo fili, da kuma inda jami'in ya fita daga hurumin ofishinsa ko ya yi aiki da mugun nufi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano, ta sha sauraron ƙarar fansho da bashin albashi bayan wata uku sun wuce.

Batun kora da ritayar dole ne ya fi sarƙaƙiya. A 2019, a shari'ar Hukumar Tattarawa da Rarraba Kuɗaɗen Shiga ta Ƙasa da Johnson, Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta shafi yarjejeniyar ɗaukar aiki ba. A 2021 kuma, a shari'ar Idachaba da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi, kotun ta yi aiki da dokar, ta ce ma'aikatan sun makara. Tunda hukunce-hukuncen sun saɓa wa juna, malamin firamare a Toranke ko ma'aikacin lafiya a Kademi da aka miƙa wa takardar sallama, abin da ya fi masa aminci shi ne ya ƙirga wata uku daga ranar da takardar ta shiga hannunsa. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya ita ma tana da nata wa'adin, domin dokarta ta hana ta binciken koken da aka kawo bayan wata 12 da faruwar abin.

Bashin ɗan kasuwa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwancin Kano ya ginu ne a kan amana da bayar da kaya sai an sayar. Wa'adin ƙarar bashi a manyan kotuna da kotunan majistare harka ce ta jihohi, kuma adadin shekarun ya bambanta. A Legas da Abuja, ƙarar bashi da ta saɓa yarjejeniya shekara 6 ce, ta karɓo fili kuma shekara 12. A jihohi irin su Kaduna da Ribas, shekara 5 ce ga bashi, 10 ga fili. Inda jiha ba ta rubuta tata dokar ba, kotuna kan koma ga tsofaffin dokokin Ingila da suke aiki a ranar 1 ga Janairu 1900, wato ta 1623 mai ba bashi shekara 6, da ta 1874 mai ba fili shekara 12.

Wannan bambanci ya shafi ɗan kasuwar Gaya kai tsaye. Wanda yake ɗora hatsi zuwa Legas ko yake ba abokin ciniki kaya a Kaduna, bashinsa yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar wata jiha, gwargwadon inda aka ƙulla cinikin da inda za a shigar da ƙarar. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne kada a bar bashi ya doshi shekara 5 ba tare da sabuwar takardar amincewa ko ƙara a kotu ba. Idan an yanka ranar biya, daga ita ake fara ƙirgawa. Idan ba a yanka ba, kotuna kan duba lokacin da mai kuɗi ya nemi abinsa aka hana shi. Ga basussukan da ba su da yawa, Jihar Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2019, waɗanda aka tsara su yadda mutum zai iya gabatar da da'awarsa da kansa cikin sauƙi.

Hauzi: wa'adin gona da gida

A Gaya da Ajingi, mafi yawan rigingimun ƙasa a kan gonaki da gidajen gado suke, kuma kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda suka maye gurbin kotunan yanki a Kano a 2000, su ne suke sauraron mafi yawansu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta keɓe wa Babbar Kotu shari'ar filin da gwamna ya ba wa takardar mallaka, amma gonar ƙauye da aka gada kaka da kakanni tana iya zuwa gaban alƙalin shari'a. A nan ma'aunin shi ne hauzi, kamar yadda ya zo a littattafan Malikiyya da malaman zaure suka sani, irin su Risala da Mukhtasar da Tuhufa.

Taƙaitaccen hukuncin shi ne, idan wanda ba dangi ba ya riƙe gona ko gida shekara 10, yana sarrafa shi irin sarrafawar mai abu, yana kuma cewa nasa ne, alhali wanda yake da'awar mallaka yana nan, yana gani, bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba za a saurari da'awarsa bayan haka ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan ƙa'ida a shari'ar Hada da Malumfashi ta 1993, kuma kotunan Arewa suna kafa hujja da ita har yau. Hikimar ita ce, a al'ada mutum ba ya zuba ido ana cin dukiyarsa shekara da shekaru, don haka dogon shirunsa alama ce cewa abin ya fita daga hannunsa ta hanyar ciniki ko kyauta. Malamai suna jaddada cewa hukuncin alƙali a kan zahiri yake, kuma hauzi ba ya halatta wa mutum abin da shi kansa ya san ba nasa ba ne.

Tsakanin dangi da surukai wa'adin yakan kai shekara 40, saboda shari'a ta san kara da kunya suna hana ɗan'uwa magana. Amma idan an san akwai gaba da rashin jituwa a tsakaninsu, ana ɗaukarsu kamar bare, a koma shekara 10. Wannan batu ya fi shafar mata. Sau da yawa mace takan yi aure a wani gari, ta bar rabonta na gonar gado a hannun 'yan'uwanta maza, ba a raba ba, ba a rubuta ba. Ita ba ta yi magana ba don zumunci, sai bayan rasuwarta 'ya'yanta su tashi nema, a lokacin da dattawan da suka san asalin gonar sun ƙare. Akwai kuma haƙƙin shufu'a, wato fifikon da abokin tarayya yake da shi na karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare daga kadarar da ba a raba ba. Wanda yake nan, ya san da cinikin, ya yi shiru har shekara guda ta wuce, ya rasa wannan fifikon.

Hauzi ba ya aiki inda aka shiga gonar da izinin mai ita, kamar ta hanyar aro ko haya ko jingina ko amana, komai daɗewar riƙon. Ba ya aiki a kan yaron da bai balaga ba, ko wanda ya yi tafiya mai nisa, ko wanda tsoron mai iko ya rufe wa baki. Sai dai wanda ya ce aro ne ko jingina, shi ne zai kawo shaida. A nan ne tsohuwar al'adar galla take da amfani, domin damin da mai noma yake kai wa mai gona duk kaka shaida ce da maƙwabta suke gani cewa gonar tana da mai ita. Inda aka daina karɓar galla saboda kara, an rage wa magada hujja.

'Yan birni su ne suka fi faɗawa wannan rami. Malamai sun bambanta tafiya mai nisa da ta kusa. Wanda yake kusa, labari yana isa gare shi, yana iya zuwa da kansa ko ya wakilta wani, hukuncinsa kamar na wanda yake gari ne. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke zaune a birnin Kano, yana zuwa Gafasa ko Balare duk Sallah, yana wucewa ta gefen gonar mahaifinsa yana ganin wani ya dasa itatuwa ko ya tayar da katanga, zai yi masa wuya ya gamsar da alƙali cewa ba ya nan.

Abin da ke tsayar da wa'adi da abin da ba ya tsayarwa

A ƙarƙashin rubutattun dokoki, tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wa'adi. A shari'ar Eboigbe da kamfanin mai na ƙasa NNPC ta 1994, mai ƙara ya daɗe yana musayar wasiƙu da kamfanin a kan amfanin gonar da aikin shimfiɗa bututu ya lalata, da ya je kotu aka ce ya makara, domin wasiƙun ba su hana lokaci tafiya ba. Haka koken da aka kai fadar hakimi ko ofishin Hisba ko caji ofis ko teburin shugaban ma'aikata, duk ba a lissafa su a matsayin shigar da ƙara. A ɓangaren hauzi ma, wasu malamai suna ganin jayayyar da take amfanar mai da'awa ita ce wadda aka kai gaban mai hukunci.

Abubuwan da suke taimakon mai haƙƙi sanannu ne. Idan wanda ake bi bashi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, wa'adin yana sabuntawa daga ranar takardar. Haka idan ya biya wani ɓangare na kuɗin. Idan an ɓoye wa mutum abin da aka yi masa ta hanyar yaudara, lissafin yana farawa ne daga lokacin da ya gano, ko lokacin da ya kamata a ce ya gano da ya yi bincike. Dokokin wa'adi suna kuma ɗaga wa yaro da mai taɓin hankali ƙafa. Dokar sasanci ta tarayya ta 2023 ta tanadi dakatar da wa'adi a yayin zaman sasancin da aka fara bisa tsarinta, amma zaman da dattawa suka yi a zaure ba ya cikin wannan tanadi. A 2018 kuma, a shari'ar kamfanonin Sifax da Migfo, Kotun Ƙoli ta amince cewa lokacin da mai ƙara ya ɓata a kotun da daga baya aka gano ba ta da hurumi ba za a lissafa masa shi ba.

Inda wa'adi ya bambanta

Ƙarar tauye 'yancin ɗan Adam, kamar tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ba ta da wa'adi. Tsofaffin ƙa'idojin 1979 sun ba da wata 12, amma na 2009 sun ce babu dokar wa'adin da za ta shafi irin wannan ƙara. Galibin manyan laifuka ma ana iya gurfanar da wanda ake zargi ko bayan shekaru. Shari'ar zaɓe ita ce mafi tsanani, domin sashe na 285 na tsarin mulki ya ba da kwana 21 daga bayyana sakamako, da kwana 14 ga rigimar da ta taso kafin zaɓe.

Ya kamata kuma a bambanta wa'adin shigar da ƙara da na ɗaukaka ta. Wanda bai gamsu da hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu ba yana da wata uku ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, ko kwana 14 idan hukuncin na tsakiyar shari'a ne. Wanda ya makara a nan yana iya roƙon ƙarin lokaci, kotu ta ba shi idan ya kawo dalili mai ƙarfi. Wa'adin shigar da ƙara tun farko kuwa, alƙali ba shi da ikon ƙara masa ko kwana ɗaya don tausayi.

Matakan kariya

Kariyar ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Duk aron gona ko jingina a rubuta shi, da sunayen shaidu da iyakoki da hatimin dagaci, a kuma sabunta takardar idan ɗaya daga ɓangarorin ya rasu. A raba gado da wuri, ko da magada za su ci gaba da noma tare, domin kowa ya san kasonsa, mata da maza. Ɗan kasuwa ya sa wanda yake bi ya rattaba hannu a kan ragowar bashi a ƙarshen kowace shekara, ya kuma rubuta ranar duk abin da aka biya. Ma'aikaci ya adana takardar da aka ba shi tare da ranar da ya karɓa, ya ga lauya a makon farko, ko da ya rubuta koke yana jiran amsa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da ke Kano.

Masu iya magana sun ce kunyar mara kunya asara ce. Shigar da ƙara ba ya rufe ƙofar sulhu, domin alƙalan shari'ar Musulunci sukan ba ɓangarori dama su koma gida su sasanta, Babbar Kotun Kano ita ma tana da sashen sasanci da take tura masu jayayya. Idan an daidaita, sai a kawo sharuɗɗan gaban alƙali ya mayar da su hukunci. Ta haka dattawa sun yi aikinsu, dangi ba su rabu ba, kuma takardar da aka samu tana da ƙarfin da magada za su iya dogara da ita ko bayan shaidun sun ƙaura.